Agogo Cike da Kanti, Masanin Cikinsa Ya Yi Wuya

Shiga kantin agogo duk inda ka ga dama, na cikin babban shagon zamani mai na'urar sanyaya ɗaki ko na rumfar kasuwa, ka ɗauki agogon hannu wanda ba ya amfani da batir, ka tambayi mai jiran kantin yadda yake aiki. Da wuya ka fito ba ka ji ɗaya daga cikin maganganu uku ba. Ta farko: "Wannan otomatik ne, Alhaji, da bugun jininka yake tafiya." Ta biyu: "Ba ruwansa da gyara, har jikokinka." Ta uku kuwa sai ya juya maka bayan agogon, ya nuna inda aka rubuta mita 30, ya ce: "Ko kogi ka faɗa da shi ba abin da zai same shi." Babu gaskiya ko ɗaya a cikin ukun, kuma abin da ya fi damuna shi ne mai faɗar bai yi niyyar ƙarya ba. Abin da ya ji ke nan daga bakin wanda ya riga shi tsayawa a wurin. Ba wanda ya taɓa zaunar da shi, ya buɗe masa bayan agogo, ya ce ga abin da kake sayar wa mutane.

Abin da yake sayarwar kuwa inji ne sosai. A cikin agogon waini akwai wani sifirin naɗaɗɗe cikin ɗan gwangwani, shi kake ɗaurewa idan kana murɗa kan waini. Idan agogon otomatik ne, wani ƙarfe mai nauyi, mai siffar rabin faifai, shi ke juyawa duk sa'ad da hannunka ya motsa, ya yi wainin a madadinka. Motsin hannu ne ke tafiyar da shi, jini ba shi da hannu a ciki, shi ya sa idan ka ajiye shi a kan tebur zai tsaya bayan awa 40 ko makamancin haka. Ƙarfin sifirin ɗin yana bi ta jerin faifai masu haƙora har ya isa ga wani ɗan wili da ke lilo gaba da baya, wanda masu gyara ke kira balans, a jikinsa kuma akwai wani sifirin siriri ƙwarai. Wannan lilon shi ke yanka lokaci daidai wa daida. A yawancin agogunan Suwizalan na yanzu yana bugawa sau 28,800 a awa, wato sau takwas a kowane sakan, sau 691,200 cikin awa 24. Tsohon Seiko 5 da muka sani yana yin 21,600 a awa. A wuraren da ƙarafa ke juyawa an dasa 'yan duwatsun yaƙutu na haɗi, su ne 17 ko 21 ɗin da ake rubutawa a fuskar agogo, a kan akasarinsu kuma akwai ɗigon mai da ido ba ya gani sai da gilashin ƙara girma.

A kan wannan ɗigon mai lafiyar agogon ta dogara. Mai yana bushewa, yana kauri, yana kama ƙura, ko an ɗaura agogon ko an bar shi a akwati. Kamfanin Omega yana ba da shawarar a yi wa agogonsa cikakken sabis duk bayan shekara biyar zuwa takwas, Rolex kuma kamar shekara goma. A ƙasar da ke da hazon hunturu da zafin bazara da gumi, ba ni ganin hikimar jira har a kai ƙarshen wannan wa'adi. Matsalar ita ce agogon da mansa ya bushe ba ya tsayawa nan take ya sanar da kai. Yakan ci gaba da tafiya shekara biyu, uku, ƙarfe na cin ƙarfe, har ranar da zai tsaya, sa'annan aikin da dā wanki da mai ne kawai ya koma sauya kaya. Duk wanda ya gaya wa mai saye "ba ruwansa da gyara" ya ɗora shi kan wannan hanyar tun ranar ciniki.

Maganar ruwa ta fi shafarmu. Mita 30 da ke rubuce a baya sakamakon gwajin matsi ne da aka yi wa sabon agogo a ma'aikata, kuma a aikace ma'anarsa fantsamar ruwa da yayyafi, ba iyo ba. Abin da ke tare ruwan zoben roba ne a murfin baya da kan waini, roba kuwa tana tsufa, tana bushewa, tana tsagewa. Mutumin da ke alwala sau biyar a rana, ya hau babur cikin damina, yana bukatar wanda zai gaya masa wannan a fili, ya kuma gaya masa cewa ranar da ya ga tururi a ƙarƙashin gilashi ba shanya shi a rana zai yi ba. Buɗewa za a yi a busar da injin da gaggawa, domin tsatsa ba ta jiran mako.

Akwai ƙananan abubuwa da minti biyu na bayani ya ishe su. A agoguna da yawa ba a sauya kwanan wata da hannu daga wajen ƙarfe tara na dare zuwa ukun dare, saboda a lokacin haƙoran da ke juya kwanan sun riga sun shiga juna, tilasta su na iya karya su. Agogon da ya wayi gari yana gudu da minti biyar ko goma a rana, sau da yawa maganaɗisu ne ya kama siririn sifirin ɗinsa, daga sifika, ko marfin jakar hannu, ko rigar waya mai mayen ƙarfe. Na'urar cire maganaɗisu tana warware wannan cikin 'yan sakanni, ba tare da an kwance ko sukuru ɗaya ba. Wanda bai sani ba sai ya ce inji ya mutu, a sayi sabo. Haka nan mai saye ya kamata ya ji tun farko cewa agogon inji ba zai taɓa kamo na batir a daidaito ba. Hukumar COSC ta Suwizalan, wadda ke ba agoguna shaidar daidaito tun 1973, tana gwada inji kwana 15, ta amince da wanda bai yi baya da fiye da sakan huɗu ba, bai yi gaba da fiye da shida ba a rana. Wannan ma'aunin manyan agoguna ke nan. Agogon batir na talaka kuwa kuskurensa ba ya wuce kamar sakan 15 a wata guda. Rashin wannan bayanin ya sa mutane ke kai lafiyayyen agogo a buɗe don ya ƙara sakan 20 a rana, a dawo musu da shi da cutar da bai je da ita ba.

To, ina ilimin ya tafi? Ba yaran kanti ne suka kore shi ba. Har zuwa ƙarshen shekarun 1960 kusan kowane agogon hannu inji ne, kuma kantin da ke sayar da shi ba ya rayuwa sai da teburin mai gyara a ciki ko a kusa. Mai sayarwa yana ganin abin da ke dawowa, yana jin dalilin dawowarsa. A ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fito da Astron, agogon hannu na farko mai aiki da dutsen kwatz da aka saka a kasuwa, dutsen da daga baya aka daidaita kaɗawarsa a kan sau 32,768 a sakan. Cikin shekara goma sha biyar abin ya rusa sana'a guda. Ma'aikatan agogo a Suwizalan sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa kimanin 30,000 a tsakiyar shekarun 1980, kamfanoni kuma daga wajen 1,600 zuwa wajen 600. A 1983 aka fito da Swatch, agogon roba da aka rufe injinsa ta yadda ba a buɗewa sam, sai dai a sauya batir. Makarantu suka rasa ɗalibai, iyaye suka daina kai 'ya'yansu koyon sana'ar da ake ganin ta mutu, masu gyara suka koma sauya batir da rage tsawon sarƙa.

Sai agogon inji ya dawo daga ƙarshen shekarun 1980, wannan karon a matsayin kayan ƙawa da alfarma. Kayan sun dawo, amma hannayen da aka rasa ba su dawo tare da su ba. Ƙera inji aikin ma'aikata ne, a shekara guda ana iya ninka shi. Ƙera mai gyara aikin shekaru ne. Cibiyar WOSTEP da aka kafa a Neuchâtel a 1966 ta tsara cikakken karatunta a kan awa 3,000, kusan shekara biyu a bakin tebur, kuma wanda ya gama sai ya ƙara shekaru a ƙarƙashin gwani kafin a sake masa tsohon agogo mai sarƙaƙiya. Shi kuwa mai jiran kanti, a Landan ne ko Dubai ko Abuja, abin da ake koya masa shi ne farashi, da tarihin kamfani, da yadda ake rufe ciniki. Idan ka kawo gyara sai ya cika takarda, a aika agogon cibiyar sabis da ba za ka taɓa gani ba, ka jira makonni ko watanni. Ya zama ɗan aike tsakaninka da mutumin da ya san amsar tambayarka.

Manyan kamfanonin sun ƙara ƙulle ƙofar da kansu. Tun farkon 2016 rukunin Swatch, wanda ya mallaki Omega da Longines da Tissot da Rado da ma'aikatar injuna ta ETA, ya daina sayar wa dillalai masu zaman kansu kayan gyara, abin da ya jawo doguwar shari'a da dillalin nan na Birtaniya, Cousins. Tun kafin nan, a 2004, ƙungiyar masu gyaran agogo ta Turai, CEAHR, ta kai ƙarar kamfanonin agogon alfarma gaban Hukumar Tarayyar Turai kan hana su kaya. An yi watsi da ƙarar a 2008, kotu ta soke wannan hukunci a 2010, Hukumar ta sake rufe batun a 2014, kotu kuma ta goyi bayanta a 2017. Hujjar kamfanonin ita ce kare inganci da hana jabu, kuma hujja ce mai nauyi: duk wanda ya ga abin da mugun hannu ke yi wa agogo zai fahimce su. Amma ina ganin sun magance ƙaramar cuta da babba. Mai gyara mai zaman kansa da ba ya samun kan waini ko zoben roba na asali, ko dai ya ƙi aikin, ko ya saka na kwaikwayo, ko ya bar sana'ar. Idan ya bar ta, ba ya ɗaukar yaro. Mutumin Jeniba yana da cibiyar kamfani a bayan gidansa. Mutumin Gusau ko Damagaram da ya gaji Rado daga mahaifinsa, tsarin nan ya bar shi da zaɓi biyu: ya jira mai tafiya ƙasar waje, ko ya miƙa wa duk wanda ya samu.

Agogunan nan kuwa suna nan da yawa a gidajenmu. Alhazan shekarun 1970 da 1980 sun dawo daga Makka da Jidda da Seiko 5 da Orient da Citizen da Rado, wasu har yau suna cikin adaka tare da tsohon fasfo. Masu gyaransu ma ba su ƙare ba: dattijon nan mai ɗan akwatin gilashi a bakin kasuwa ko tasha, da gilashi maƙale a ido. Ina girmama waɗannan mutane, domin a cikinsu akwai wanda zai kwance Seiko ya mayar ba tare da littafi ba, ilimin da ya samu daga maigidansa. Amma girmamawa ba za ta hana a faɗi abin da ke faruwa a tebura da yawa ba. A ciro inji ɗungurungum, a tsoma shi cikin fetur, a kaɗa, a hura da baki, a ɗiga man keken ɗinki, a rufe, a ce an yi sabis. Agogon zai tashi, mai shi ya yi murna, bayan wata uku man ya malala ya kama siririn sifirin. Ba wanda zai yarda bakanike ya watsa wa injin motarsa fetur daga waje ya ce ya yi masa garambawul, amma a agogo an saba karɓa. Na ga fuskar agogo da aka manne da gam saboda ƙafafunta sun karye, na kuma ga tsohon agogon inji da aka cire masa injinsa aka cusa na batir ba tare da an shaida wa mai shi ba. Akwai ma haɗarin da ya shafi lafiyar mai gyaran kansa: yawancin agoguna masu haske da dare da aka ƙera kafin shekarun 1960 fentinsu na sinadarin radiyom ne, bai kamata a hura garinsa da baki ko a shaƙa ba.

Ba ragwanci ne ke sa mai gyara yin haka ba. Tebur a bakin titi, motoci na tada ƙura, ba wurin kwance inji mai sassa sama da ɗari ba ne. Man agogo na gaskiya, irin na kamfanin Moebius, ana sayar da shi a 'yar kwalba mai mililita biyu da tsada, kuma inji ɗaya yana bukatar iri uku ko huɗu, kowanne da wurinsa. Sannan ga mai agogo tsaye a kansa yana duba wayarsa, yana so a gama kafin La'asar, yana taya aikin awa huɗu da kuɗin sauya batir. Wanda aka biya kuɗin tsomawa a fetur, tsomawa a fetur zai yi. Araha ba ta ado, kuma a nan masu agogo ne suka koya wa kasuwa abin da take ba su.

Saboda haka neman gwani ya rataya a wuyan mai agogo, kuma ana iya gane shi tun kafin a miƙa masa komai. Ka tambaye shi: "Malam, idan ka ce sabis, me da me za ka yi masa?" Gwani zai ce zai kwance injin gaba ɗaya, ya wanke kowane sashe daban, ya duba wanda ya ci, ya sauya, ya haɗa, ya saka mai wuri-wuri, ya daidaita tafiyarsa, ya sauya robobi, ya ajiye shi kwanaki yana lura da shi. Wanda ya ce ka zauna ka jira yanzu za a gama, ka ɗauki agogonka. Ka tambaya ko yana da na'urar sauraron bugun agogo. Ita ce ke nuna sakan nawa yake ƙarawa ko ragewa a rana, da faɗin lilon balans, wanda a lafiyayyen agogon zamani mai cikakken waini yakan kai digiri 270 zuwa 310, idan kuma ya faɗi ƙasa da 200 akwai matsala. Ƙirar Sin ta wannan na'ura ba ta kai kuɗin waya mai kyau ba, don haka rashinta a wurin mai karɓar agoguna masu tsada abin tambaya ne. Ka nemi ya auna a gabanka kafin aiki da bayan aiki. Ka dubi teburinsa: ana rufe sassan da aka kwance, ko suna zube a fili? Yana kama inji da yatsa tsirara? Ka dubi sukurorin agogon da ya gama, domin sukudireban da bai dace ba yana barin tabo.

Kada ka fara da agogon gado. Ba shi mai araha tukuna, ka ɗaura wata biyu ka gani. Ranar da za ka kai mai daraja, ka ɗauki hoton injin da lambarsa a gabansa, ka karɓi rasit da aka rubuta abin da za a yi, ka ce a dawo maka da duk abin da aka cire, ka nemi garanti na aƙalla wata shida. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan. Alamar da na fi amincewa da ita kuwa ita ce mai gyaran da zai juya agogo a hannunsa ya ce: "Alhaji, wannan ya fi ƙarfina, ba ni da kayansa." Irin wannan ne kuma zai gaya maka gaskiya cewa wasu injuna, kamar NH35 na Seiko ko na Miyota da ake samu ko'ina da sauƙi, sauya su da sabo ya fi kwance su araha. Sauyawar ba laifi ba ce, ɓoye ta ce laifin. Idan kuma ka nema ba ka samu wanda ka natsu da shi ba, bar agogon ya tsaya, ka ajiye shi a busasshen wuri nesa da sifika. Injin da ke tsaye ba ya cin kansa.

Masu kantuna su ne suka fi kowa ikon gyara lamarin, da ƙaramin kuɗi. Wanda ya zuba miliyoyi a kaya zai iya ɗauko gwani ya zauna da yaransa yini ɗaya, a buɗe agogon inji da na batir gefe da gefe, a nuna musu sifirin da balans da zoben roba. Zai iya koya musu cewa "ban sani ba, bari in tambaya" ba ya kashe ciniki. Zai iya ƙulla hulɗa da mai gyara guda da ya gwada, ya ba shi kusurwa mai ƙofa da fitila a cikin kantin, ya sayo masa mai da na'urar awo, su raba abin da ya shigo. Kantin da ke sayar da agogon inji ba tare da sanin inda za a yi masa sabis ba, ya sayar da rabin kaya ne a kuɗin cikakke.

Hannun da za a koya wa aikin kuwa muna da shi. Wanda ya zaga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya ga samari suna sauya sassan da ba su kai ƙwayar gero ba a ƙarƙashin madubin ƙara girma, da natsuwa da ido irin wanda agogo ke bukata. Dattawan da suka san injunan Seiko da Orient da ka suna raye, amma shekaru sun ja, da yawansu kuma babu yaro a gefensu. Asusun Horar da Ma'aikata na ITF, da aka kafa a 1971 mai hedikwata a Jos, da hukumar samar da aikin yi ta NDE, dukkansu suna da tsarin haɗa matashi da maigida a biya kuɗin koyo. Abin da ake bukata a saka gyaran agogo a ciki bai taka kara ya karya ba: ɗaki mai rufi da ba ya shan ƙura, tebura shida, kayan aiki, na'urar awo ɗaya, da dattijo guda da za a biya albashi ya zauna da yaran shekara biyu.